KARATUN KIWON LAFIYA: ZAZZAGOWAR MAHAIFA TANA DA MAGANI

Ƴan uwa maza da mata, ƴan kwas ɗin yaƙi da jahilci, karatunmu na yau ya shafi wata lalura ta iyayenmu mata. Lalurar tana nan cikin birane da ƙauyuka, amma ba a maganarta a dandali. Mace takan yi shekara 5 ko 10 tana fama da ita, ko mijinta bai sani ba. Sunanta zazzagowar mahaifa. Wasu suna cewa saukar mahaifa.

Kunya ce ke sa a ɓoye ta. To, abin da muke so kowa ya riƙe shi ne: ciwo ne kamar sauran ciwo. An san dalilinsa, an san maganinsa. Kuma babban rabo na maganin yana hannun matar da mutanen gidanta.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Maza, kada ku ce wannan zancen mata ne. Akwai aikinku a ciki.

1. YADDA JIKIN MACE YAKE

Kowa ya san ragaya, wadda ake rataya ƙwaryar fura ko ta nono a cikin ɗaki. In igiyoyin ragaya suna da ƙarfi, ƙwarya tana zaune daidai. In igiyoyin suka saki, sai ƙwarya ta karkace, ta yi ƙasa.

Cikin jikin mace akwai abu kamar ragaya. Nama ne da jijiyoyi, a shimfiɗe a ƙasan ƙugu, tun daga ƙashin gaba har ƙashin baya. Muna ce masa naman ƙasan ƙugu. Shi ke riƙe da abubuwa 3:

- mafitsara, wajen gaba;
- mahaifa, a tsakiya;
- ƙarshen hanji, inda bayan gida ke taruwa, wajen baya.

Wannan naman shi ke taimakon mace ta riƙe fitsari, ta riƙe tusa da bayan gida. In ya yi rauni, sai ɗaya daga cikin abubuwan nan 3 ya sauko, ya turo cikin gaban mace. Wani lokaci mahaifa ce ke saukowa. Wani lokaci mafitsara ce, ko hanji. Wani lokaci duka. Mutane dai suna haɗa su, su ce mahaifa ta zazzago.

Ciwon hawa 4 ne.

Hawa na 1: abin ya ɗan sauko, amma yana can ciki. Sau da yawa matar ba ta jin kome.
Hawa na 2: ya sauko har kusa da bakin gaba.
Hawa na 3: wani sashe ya fito waje.
Hawa na 4: duka ya fito waje.

Mata masu wannan lalura suna da yawa. A ƙasar Gambiya an auna mata fiye da 1000 cikin ƙauyuka, aka bayyana sakamakon a shekarar 2002. Cikin mata 100, an tarar 46 suna da zazzagowa, ƙarama ko babba. Cikin mata 100, 14 tasu ta yi nisa har tana bukatar aikin likita. Matan can manoma ne kamar namu. Saboda haka wadda ke da ita ta san ba ita kaɗai ba ce.

2. MI KE KAWO TA?

Haihuwa ita ce babban dalili. Duk lokacin da ɗa zai fito, naman ƙasan ƙugu yana miƙewa ƙwarai. Yana bukatar hutu kafin ya koma daidai. A binciken da aka yi cikin ƙasarmu Nijar a shekarar 2012, an tarar mace tana haihuwa sau 7 ko 8 cikin rayuwarta, in an yi lissafi a tsakaice. A shekarar 2021 lissafin ya sauko wajen 6. Har yanzu aiki ne babba ga jiki ɗaya.

Ga abubuwan da ke raunana naman:

- haihuwa da yawa, da haihuwa kusa da kusa;
- doguwar naƙuda, ko ɗa mai girma ƙwarai;
- sa mace yunƙuri tun bakin mahaifa bai ida buɗewa ba;
- danna cikin mai naƙuda da hannu don ɗa ya fito da sauri;
- koma ma aiki mai nauyi tun jego bai ƙare ba;
- ɗaukar kaya masu nauyi kullum, shekara da shekaru;
- tari mai daɗewa;
- taurin bayan gida, wanda ke sa yunƙuri kullum;
- ƙiba mai yawa;
- tsufa, musamman bayan al'ada ta ɗauke.

Wata kuma gado ta yi: jijiyoyin jikinta ba su da ƙarfi tun asali.

Mu yi lissafin kaya. Litar ruwa 1 nauyinta kilo 1. Bido mai lita 25 nauyinsa kilo 25. Matar da ta je rijiya sau 4 a yini ta ɗauko kilo 100, watau nauyin babban buhun hatsi. Ba a sa jan guga ba, ba a sa icce ba, ba a sa daka ba, ba a sa goyo ba. Duk wannan nauyi yana tura kayan ciki zuwa ƙasa, bisa ragayar nan.

3. ABIN DA YA KAMATA A DAINA FAƊI

Zazzagowar mahaifa ba sammu ba ne. Ba aikin iskoki ba ne. Ba alamar mace ta yi abin kunya ba ne. Ba a ɗaukarta wajen cin abinci, ko wanki, ko kwanciya. Kuma ba ciwon daji ba ne.

A bambanta ta da yoyon fitsari. Mai yoyon fitsari tana da huda tsakanin mafitsara da gaba, fitsari yana zuba dare da rana, ba tsayawa. Mai zazzagowa ba ta da huda. In fitsari ya kuɓuce mata, galibi wajen tari ne, ko atishawa, ko dariya, ko ɗaga kaya. Ciwo 2 ne daban, ko da yake doguwar naƙuda tana kawo kowanensu.

4. ALAMOMI

Mai zazzagowa takan ji waɗannan:

- nauyi a mara, kamar ana jan wani abu zuwa ƙasa;
- wani abu kamar ƙwai a bakin gaba, ta ji shi ko ta gan shi;
- abin yana ƙaruwa da marece bayan aiki, yana raguwa in ta kwanta;
- ciwon baya wajen ƙugu;
- fitsari ba ya ida fita, ko tana jin fitsari kowane lokaci;
- bayan gida yana wuyar fita;
- rashin jin daɗi wajen kwanciya da maigida.

Akwai alamomin da ba a jira da su. A tafi likita ran nan, in:

- fitsari ya tsaya, ya ƙi fita;
- abin da ya fito ya ƙi komawa, ko ya kumbura, ko ya yi miki;
- jini yana zuba, musamman ga wadda al'adarta ta ɗauke;
- ruwa mai wari yana fita, ko akwai zazzaɓi.

In kuma mace ta haihu yanzu, nama ya biyo bayan mabiyiya ya fito, jini yana zuba, wannan hatsari ne babba. A ɗauke ta zuwa likita nan take, ko da tsakar dare ne.

5. MOTSA NAMAN ƘASAN ƘUGU

Naman ƙasan ƙugu nama ne kamar na damtse. Damtsen da ke aiki yana ƙarfi. Wannan ma haka: in ana motsa shi kullum, yana ƙara ƙarfi da kauri, ya ƙara riƙe abin da ke bisansa.

Wani lokotoron mata na Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan dabara a shekarar 1948. Daga baya an gwada ta sosai. A shekarar 2014 an bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi da mata 447 masu zazzagowa, mafi yawansu a Birtaniya. An raba su kashi 2. Kashi ɗaya an koya masu motsa naman, mace bayan mace. Kashi ɗaya an ba su takardar gargaɗi kawai. Bayan shekara 1, waɗanda aka koya ma motsawa sun fi samun sauƙi.

A manyan likitoci akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan: gyaran jiki ta hanyar motsa gaɓoɓi da nama. Ana ce masa kine. Ba kowace likita ke da kine ba. Ungozomar likita ma tana iya koya maki. Ga yadda ake yi.

Na farko: gano naman.
Ki yi fitsari tukuna. Ki kwanta rigingine bisa tabarma, ki lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki saki jiki. Sai ki matse dubura kamar kina cikin mutane kina riƙe tusa. Ki ƙara matse gaba kamar kina riƙe fitsari. Ki ja su duka zuwa ciki, zuwa sama. Wannan naman da ya motsa, shi ne.

In kina shakka, ki wanke hannu da sabulu, ki sa yatsa ɗaya cikin gaba, ki matse. In kin ji naman ya kama yatsa yana jan shi ciki, kin yi daidai. In kin ji yana turo yatsa waje, yunƙuri kike yi. Ki tsaya, ki sake.

Na biyu: matsewa mai tsawo.
Ki matse, ki riƙe, kina ƙirgawa a hankali: 1, 2, 3. Ki saki gaba ɗaya. Ki huta daidai tsawon da kika riƙe. Ki sake. Ki yi haka har sau 10. In naman ya gaji tun a sau 4 ko 5, ki tsaya nan. Kowane mako ki ɗan ƙara tsawon riƙewa, har ki kai ƙirga 10.

Na uku: matsewa ta sauri.
Ki matse da ƙarfi, ki saki nan take. Ki yi haka sau 10.

Na huɗu: sau nawa a yini?
Sau 3: da safe kafin ki tashi daga shimfiɗa, da rana lokacin hutu, da dare kafin barci. Kowane zama bai wuce minti 5 ba. In kin saba a kwance, ki koma yi a zaune. In kin saba a zaune, ki koma yi a tsaye. Ba wanda zai gane kina yi. Kina iya yi kina shayar da yaro, ko kina tsintar wake.

Na biyar: matse kafin nauyi.
Duk lokacin da za ki yi tari, ko atishawa, ko za ki ɗaga yaro ko tulu, ki matse naman tukuna. Ki riƙe har ki ida. Wannan yana rage kuɓucewar fitsari, yana kare ragayar daga bugun nauyi.

Kuskuren da akan yi:

- riƙe numfashi: ki riƙa numfashi kamar kullum, ki ƙirga da baki;
- matse cinyoyi, ko ɗuwawu, ko ƙulle ciki duka;
- yunƙuri zuwa ƙasa maimakon ja zuwa sama;
- mance saki: sakin yana da amfani kamar matsewar;
- tsayar da fitsari yana cikin zuba don a motsa naman: yawan yin haka yana hana mafitsara ta zubar da fitsari duka.

Sai an yi haƙuri. Ba a ganin amfanin cikin mako 1. Likitoci sun ce a yi kullum har wata 4 aƙalla kafin a duba inda aka kai. In an samu sauƙi, a ci gaba ko sau 1 a yini, don in an daina, naman yana sake saki. Hausawa sun ce yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Mu faɗi gaskiya: motsa naman ya fi amfani ga hawa na 1 da na 2. In mahaifa ta riga ta fito waje, motsawa kaɗai ba ta mayar da ita. Wannan sai da zobe ko aiki, kamar yadda za mu gani a gaba. Shi ya sa ake so a fara da wuri. Mai ciki tana iya yi. Mai jego tana iya farawa a hankali cikin kwanakin farko, da zaran ta ji ba ya yi mata zafi. Wadda ba ta da ciwon ma ta yi, don rigakafi.

6. GYARAN AIKIN YAU DA KULLUM

Motsa nama da safe, ɗaukar kilo 100 da rana: wannan zuba ruwa ne cikin tulu mai huda. Dole a rage nauyi.

Wajen ɗaukar kaya: a raba kaya kashi 2. Gara rabin bido sau 2 da cikakken bido sau 1. In za ki ɗaga abu daga ƙasa, ki matso kusa da shi, ki lanƙwasa gwiwoyi, ki matse naman, ki fitar da numfashi kina tashi. Ki nemi wadda za ta aza maki, da wadda za ta sauke maki.

Wajen daka: in garin yana da injin niƙa, a kai can. In babu, a raba daka da sauran matan gida, a riƙa hutawa.

Wajen bayan gida: kada a yi yunƙuri. Ki tsuguna, ki saki jiki, ki ba shi lokaci. A sha ruwa da yawa, musamman da bazara. A ci ganye da ƴaƴan icce: zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, wake, kabewa, gwanda, mangwaro. Suna tausasa bayan gida.

Wajen tari: tarin da ya wuce mako 2 a kai shi likita a auna majina. A yi girki inda iska ke shiga, don hayaƙi yana kawo tari.

Wajen hutu: in nauyin ya dame ki da rana, ki kwanta rigingine, ki sa matashi ko naɗaɗɗen zane ƙarƙashin ƙugu, kamar minti 15. Abin yana komawa ciki, ki ji sauƙi.

In abu ya fito waje: ki wanke hannu da sabulu, ki wanke wurin da ruwa mai tsabta, ki kwanta, ki mayar da shi ciki a hankali. Wannan taimako ne kafin a kai likita.

Kada a cusa tsumma, ko sassaƙe, ko garin magani, ko kanwa cikin gaba. Suna ƙona wurin, su kawo miki. Kada a kai mace wajen wanzami a yi mata yankan gishiri. Aska tana iya huda mafitsara, a koma yoyon fitsari, ciwo ya zama 2.

7. ABIN DA AKE YI A LIKITA

Mata da yawa suna tsayawa a ƙofar likita, su rasa abin faɗi. Sai su ce ciwon baya, a ba su ƙwayoyi, su koma gida da ciwonsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki nemi ganin ungozomar likita, ki ce mata:

"Ina jin nauyi a marata. Wani abu yana saukowa ta gabana, musamman da marece."

Wannan ya isa. Ta san sauran. Za ta duba ki cikin ɗaki, ta ce ki yi tari don ta ga inda abin ya kai. Aikinta ne ta riƙe asirinki. In kina jin nauyin zuwa ke kaɗai, ki tafi da ƴar uwarki ko ƙawarki.

Bayan dubawa, magani iri 3 ne.

Na 1: motsa naman da gyaran aiki, kamar yadda muka karanta.

Na 2: zobe. Wani zobe ne mai taushi kamar roba, wanda ake sa ma mace cikin gaba don ya tokare abin da ya sauko. Yana da girma iri-iri, ana gwada wanda ya yi daidai da jikinta. Ba a yanka, ba a sa barci. In ya zauna daidai, ba ta jin shi, tana aikinta. Mai zoben irin na da'ira tana iya kwanciya da mijinta. Ana komawa likita kowane wata 3 zuwa 6, a fitar da shi, a wanke, a duba wurin. Wata ana koya mata ta fitar ta wanke da kanta. Zoben da aka mance shekara da shekaru yana yin miki, saboda haka a riƙe ranar komawa. Wannan zobe ba na hutun haihuwa ba ne, ba ya hana ciki.

Na 3: aiki, watau tiyata. Ana yin shi in abin ya yi nisa, ko in sauran dabaru ba su isa ba. Wani aikin ana ɗinke wurin da ya saki, a bar mahaifa. Wani aikin ana fitar da mahaifa. Wadda aka fitar ma mahaifa ba ta ƙara yin al'ada, ba ta ƙara ɗaukar ciki, amma tana zaman aurenta kamar kowa. Don haka sai lokotoro ya tambaye ta ko tana son ƙarin haihuwa, kuma ba a yin aikin sai da yardarta. Bayan aiki, ba kwanciya da miji har mako 6, ba ɗaukar kaya mai nauyi har lokacin da lokotoro ya ce. In ta koma ma kaya da wuri, abin yana iya dawowa.

A fara da likitar da ta fi kusa, watau CSI. In aikin ya fi ƙarfinsu, za su ba da takarda zuwa likitar da ke sama. Akwai likitar uwa da yaro a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. A Yamai akwai gidan haihuwa na Isaka Gazobi. Wadda kuma ciwonta yoyon fitsari ne, akwai wurin aikinsa a Danja kusa da Maraɗi, wanda aka buɗe a shekarar 2012.

8. RIGAKAFI

Rigakafi ya fi magani. Ga abubuwa 5:

- Mai ciki ta je awo, ta haihu a likita. A shekarar 2005 gwamnati ta sa aikin fitar da ɗa ta ciki ya zama kyauta. A 2006 ta ƙara da awon ciki da maganin hutun haihuwa.
- Naƙudar da ta fara da safe har rana ta faɗi ba a haihu ba, ta daɗe. Kada a kwana da ita a gida.
- Kada a danna cikin mai naƙuda. Kada a sa ta yunƙuri sai lokaci ya yi.
- Mai jego ta huta kwana 40 cif. Ba rijiya, ba icce, ba daka. Wannan al'adar iyayenmu ce, kuma likita ta yarda da ita.
- A ba jiki hutu tsakanin haihuwa da haihuwa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki.

Mai zazzagowa tana iya ɗaukar ciki. In ta ɗauka, ta je awo da wuri, ta gaya ma ungozoma lalurarta, ta haihu a likita.

9. AIKIN MAIGIDA DA NA GARI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mace ba ta iya rage aiki ita kaɗai, in mutanen gida ba su yarda ba.

Maigida: wannan ciwo wajen haifa maka ɗiya da yi ma gidanka aiki ta same shi. In ta gaya maka, kada ka yi fushi, kada ka ƙaurace mata, kada ka kai zancen waje. Ka ba ta izni da kuɗin mota ta je likita, ko ka kai ta da kanka. In kana da jaki ko amalanke, ruwa da icce su koma can. Samarin gida su ɗauki nasu rabo. In tana jin zafi wajen kwanciya, ka yi haƙuri har a duba ta.

Uwar miji: ke ce ake jin maganarki cikin gida. In surukarki ta haihu, ke za ki ce kada ta taɓa taɓarya sai ta yi arba'in. In kin ga tana kwanciya da rana, ki tambaye ta lafiya kafin ki ce ƙyuya ce.

Abokiyar zama: ki kama mata aiki, ki rufa mata asiri. Ciwon ba abin gori ba ne. Duk wadda ta haihu tana iya samunsa.

Ungozomar gari: ke mata ke gaya ma abin da ba su gaya ma kowa. Ki koyi motsa naman da kyau, ki koya ma masu jego. Wadda kika ga nata ya fito, ki raka ta likita.

Ƙungiyar mata: a ware wani abu cikin asusu don kuɗin mota da guzurin mai zuwa likita. A yi shawara da mai gari bisa zancen injin niƙa da ruwa kusa da gari. A riƙa tuna ma juna motsa naman ranar taro.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa 3 naman ƙasan ƙugu ke riƙe da su?
2. Faɗi dalilai 4 da ke kawo zazzagowar mahaifa.
3. Mi ya bambanta ta da yoyon fitsari?
4. Yaya mace ke gane ta matse naman daidai?
5. Waɗanne alamomi ne ba a jira da su?
6. Cikin garinmu, wane aiki mai nauyi za a iya ɗauke ma mata tun bana? Wa zai ɗauke shi?

LISSAFI

1. Mace tana ɗauko bido mai lita 25 sau 4 a yini. Kilo nawa take ɗauka cikin kwana 7?
2. Mace tana matsewa mai tsawo sau 10, ta sauri sau 10, kuma tana yin haka sau 3 a yini. Sau nawa ta matse a yini? Sau nawa cikin kwana 30?

RUBUTU

Kowa ya rubuta waɗannan kalmomi cikin littafinsa: mahaifa, mafitsara, ƙugu, naƙuda, jego, zobe, rigakafi.

Mata kuma su ja layi 7 cikin littafi, kowane layi da sunan rana, daga Lahadi zuwa Asabar. Duk lokacin da aka motsa naman, a sa alama 1 gaban sunan ranar. A ƙarshen mako a ƙirga, a ga ko sun kai 21.

In an tashi daga kwas, a kai wannan jarida gida, a karanta ma waɗanda ba su zo ba.